Faranti ɗaya ya tsage, gada ba ta faɗi ba: ribit ko walda?

Ɗalibar Gine-gine:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aji huɗu, an ba ni aikin bincike kan gadojin ƙarfe, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. Na karanta cewa a Amurka, azarar gada da aka harhaɗa da farantai da angul (ƙarfe mai siffar L), aka ɗaure su da ribit (ƙusar ƙarfe mai kai biyu) ko noti, ana ɗaukarta a matsayin mai madogara a cikin jikinta. Wai ko faranti ɗaya ya tsage gida biyu, tsagar ba ta tsallakawa zuwa na kusa da shi, alhali wadda aka yi da walda tsaga kan ratsa ta daga ƙasa har sama cikin ƙiftawar ido. Mu kuma abin da aka koya mana shi ne huda tana raunana ƙarfe, kuma walda ci gaba ce a kan ribit. To yaya azara mai huda ɗari za ta fi wadda ba ta da huda ko ɗaya aminci? Don Allah a warware mini.

Oga Mai Walda:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Shekarata 22 ina walda, na yi tankunan mai, na yi rumfunan masana'anta. Walda in an yi ta yadda ya kamata, wallahi ƙarfen zai yage a gefe ya bar ɗinkin. Duk wanda ya ce miki ribit ya fi walda, ki tambaye shi me ya sa duniya ta bar ribit.

Malamin Ƙarafa:
Oga, maganarka gaskiya ce, amma ita ba ƙarfi take tambaya ba. Ƙarfi daban, abin da ke faruwa bayan tsaga ta riga ta shiga daban.

'Yata, ki ɗauki ledar burodi ki ja ta da hannu biyu. Za ta yi ta miƙewa ba ta yage ba. Yanzu ki ɗan tsaga bakinta da reza ki sake ja: sai ta keta har ƙarshe. Dalili kuwa, duk jan da kike yi yana taruwa ne a ɗan tsinin tsagar nan, yana cin gaba da cin abin da ke gabansa. Tsaga tana buƙatar hanya mai ɗorewa, ƙarfe manne da ƙarfe ba yankewa. Walda kuwa aikinta ke nan, ta narkar da farantai uku su zama jiki ɗaya, leɓen ƙasa da cikin azara da leɓen sama. Saboda haka in tsaga ta tashi a leɓen ƙasa, babu shingen da zai tare ta.

Azarar ribit kuwa tarin ƙarafa ce da aka matse wuri ɗaya: faranti na tsaye, angul biyu a ƙasa, biyu a sama, sai farantan rufi ɗaya ko biyu ko uku a kan kowane leɓe. Suna ɗaukar kaya tare, amma kowanne da iyakarsa. Tsaga in ta cinye farantin rufi ta kai bakinsa, ta zo ƙarshen hanya. Ba ta da inda za ta bi ta shiga angul, domin tsakaninsu taɓa juna kawai ake yi. Nauyin da farantin ya saki sai ya bi ta ribit ya koma kan sauran.

Game da huda, malaminku bai yi kuskure ba. Huda tana rage naman ƙarfe, kuma a bakinta gajiya kan fara, wato tsagewar da yawan ɗora kaya da saukewa ke jawowa a hankali. Wato azarar ribit tana iya saurin fara tsagewa, amma tana da wuyar karyewa gaba ɗaya. Abu biyu ne da ɗalibai ke yawan cakuɗawa.

Ɗalibar Gine-gine:
Na gode Malam. Ke nan kamar azarar giginya da magina ke jerawa su ɗaure da igiya a bakan gizon soro? In ɗaya ta ci gara sauran suna riƙe da rufin?

Malamin Ƙarafa:
Kin kama hanya. Sai dai ki riƙe cewa wadda ke manne da wadda ta karye ita ta fi shan nauyin, ba a raba shi daidai wa daida.

Oga Mai Walda:
Malam, wannan ai lissafin allo ne. A nuna mana inda ya faru.

Injiniyan Gada a Ohayo:
Oga, ga inda ya faru, kuma tun kafin gada a jirgin ruwa aka fara ganinsa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta koma ƙera jirage da walda don sauri, ciki har da jiragen Liberty guda 2,710. A Janairun 1943 wani jirgin dakon mai, Schenectady, yana ɗaure a tasha a Fotlan, ruwa kwance ba igiya, ya tsage gida biyu. Wasu da dama sun tsage a ruwan sanyi na arewacin Atilantika. Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen ne kan yi gautsi in sanyi ya kai wani mataki. Jiragen ribit ma da irin wannan ƙarfe aka yi su, amma tsagarsu kan tsaya a bakin faranti. Cikin maganin da aka yi wa jiragen walda har da yanka tsaga da gangan a jikinsu a rufe ta da faranti mai ribit, don in wata tsagar ta taho da gudu ta tarar da iyaka.

A gada kuma, akwai ta Hasselt a Beljiyam, ta walda ce, ta faɗa cikin mashigin Albert a Maris 1938. Akwai gadar Kings a Melbon ta Ostireliya, da aka buɗe a 1961 ta karye ranar 10 ga Yuli 1962, da sanyin safiya, babbar mota na kai. Tsagar ta samo asali ne daga ƙarshen farantan rufi da aka yi wa walda. Akwai gadar Hoan a Milwoki ta Amurka, Disamba 2000: cikin azara uku biyu suka tsage har sama, sai da aka sa nakiya aka sauke wannan ɓangaren.

Wata kuma ita ce gadar babbar hanyar I-40 a Memfis ta Amurka, kan kogin Misisipi. Ranar 11 ga Mayu 2021 masu duba gada suka ga tsaga ta kusa raba ɗaya daga cikin manyan ƙarafan da ke ɗaure bakan gadar. Nan take suka kira 'yan sanda aka rufe hanya, har jiragen dakon kaya da ke bi ta ƙasa aka tsayar na 'yan kwanaki. Daga ɗinkin walda ta faro. Kuma ka san da me aka gyara ta? Da manyan farantai aka rungume wurin, aka ɗaure da noti.

Oga Mai Walda:
To ai duk waɗannan ko ƙarfen ne ba kyau ko mai waldar ya yi ha'inci. Ba laifin walda ba ne.

Injiniyan Gada a Ohayo:
Na yarda, kuma ban ce a daina walda ba. Kusan duk sabuwar gadar ƙarfe da nake dubawa a nan ta walda ce, kuma lafiya lau suke, domin tun 1978 aka kafa tsari mai tsauri kan irin ƙarfen da za a sa a muhimman wurare, da wanda zai yi waldar, da yadda za a haska ɗinkin a ga cikinsa. Tambayar ita ce, ran da aka yi kuskure, kuma ɗan Adam sai ya yi, wace azara ce za ta ba ka lokaci ka gani kafin ta kashe mutane?

Baba Tsohon Reluwe:
Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Na yi aikin gyaran gadojin jirgin ƙasa har na yi ritaya, kuma maganar nan ta taɓa ni. Gadojin da Turawa suka bari, irin ta Jebba kan Kwara da ta Makurɗi kan Binuwai wadda aka buɗe a 1932, duk ribit ne, domin lokacin walda ba ta yaɗu a aikin gada ba. Na tarar da dattawan da suka san bugun ribit da hannunsu. Mutum huɗu ne a ƙungiya: mai gasa shi a wuta har ya yi ja, mai cafewa ya zura a huda, mai tokare kan ta baya, da mai bugu ya yi masa kai na biyu. In ya huce sai ya tsuke, ya matse farantan kamar an sa su a maƙata. Wannan matsin shi ne sirrin.

Abin da Malam ya faɗa na gani da idona. Mun taɓa samun farantin ƙasa na wata azara ya rabu biyu, tsagar har ta yi tsatsa, alamar ta kwana biyu. Jirage na ta wucewa a kai ba wanda ya sani. Angul ɗin da ke samansa ko ƙwarzane babu. Muka cire ribit, muka sa sabon faranti da noti, aka ci gaba da aiki. Ba mu san sunan abin da Turanci ba, mu dai mun san gadar ribit tana yi wa mutum kashedi.

Ɗalibar Gine-gine:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Injiniya, to in tun da can an san haka, mene ne sabo a binciken da ake magana?

Injiniyan Gada a Ohayo:
Sabon shi ne hujja da lissafi. Bari in koma baya kaɗan.

Ranar 15 ga Disamba 1967, da yamma, gadar Silver da ta haɗa Point Pleasant ta Bajiniya ta Yamma da jihar da nake zaune ta rufta cikin kogin Ohayo, mutum 46 suka rasu. Gada ce mai rataye da sarƙar sandunan ƙarfe, kowace gaɓa sanda biyu kacal. Tsaga mai zurfin kusan milimita 2.5 a idon sanda ɗaya, a wurin da ba mai iya gani sai an kwance gadar, ita ta jawo komai. Sanda ɗaya ta karye, 'yar uwarta ta zame, sarƙa ta tsinke. A Pitsbag akwai gadoji uku 'yan zamaninta masu irin wannan sarƙa, amma kowace gaɓa da sanduna da yawa, suna nan ana hawa har yau.

Daga wannan musiba aka kafa dokar duba gadoji ta ƙasa a 1971. Bayan gadar Mianus ta Konetikat ta faɗi a 1983, aka ƙara tsanantawa: duk ƙarfen da ke ɗaukar ja wanda in ya karye gada za ta faɗi, dole mutum ya je kusa da shi yadda hannunsa zai taɓa, aƙalla sau ɗaya cikin wata 24. Dokar ba ta bambanta azarar walda da ta ribit ba. Gada mai azara biyu, ko da kowace azarar faranti bakwai ne a ɗaure, lissafinta ɗaya da mai faranti guda. Aikin nan kuwa yana cin kuɗi, ana rufe layin mota, ana rataye mutane a kan ruwa, kuma masu dubawa da direbobi suna shiga haɗari a duk lokacin da aka yi.

Sai jami'ar Purdue a Indiyana, ƙarƙashin Farfesa Robert Connor, tare da Matthew Hebdon da ya yi digirinsa na uku a kai, suka ce bari a gwada. Suka kawo cikakkun azaru, ba 'yan samfura ba, wasu na ribit wasu na noti. Suka tsaga farantin rufi, suka yi ta lanƙwasa azarar har tsagar ta yi tsini, suka sanyaya ƙarfen da ruwan naitirojin har ya kai matuƙar gautsinsa, suka ɗora masa kaya, sannan suka tura weji cikin tsagar da jak har farantin ya fashe lokaci ɗaya. Wato sun zaɓi mafi munin hali da gangan. Farantin ya rabu, amma fashewar ba ta tsallaka zuwa angul ko farantin tsaye ba. Bayan nan suka ci gaba da ɗora kaya da saukewa a kan azarar da ta riga ta ji rauni, don su ga tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ƙarfe na biyu ya fara tsagewa. Wannan kashi na biyu shi ya fi muhimmanci a wurina. A kansa ƙungiyar hukumomin hanyoyi ta jihohin Amurka, AASHTO, ta fitar da ƙa'idar lissafi a 2018, kuma dokar tarayya da aka sabunta a 2022 ta amince da irin wannan madogara ta ciki.

Abban Yara:
Ku yi haƙuri, ni ba injiniyan gada ba ne, akanta ne, amma na san warin rage kashe kuɗi in na ji shi. Duk wannan bincike ƙarshensa a ce a rage zuwa duba gada ne ko? Kuma gadar Miniyapolis da ta faɗi a 2007 ba ribit ne a mahaɗanta ba? Ina madogarar ta shiga ranar?

Injiniyan Gada a Ohayo:
Tambaya mai kyau, Alhaji. Gadar Miniyapolis ɗin, wato I-35W, ta faɗi ranar 1 ga Agusta 2007, mutum 13 suka rasu, 145 suka ji rauni. Abin da ya ci ta shi ne farantan mahaɗa, inda sanduna da yawa ke haɗuwa. Tun a zane aka sa su rabin inci, kusan rabin kaurin da ya kamata. Shekaru suna tafiya ana ƙara wa gadar kankare, ranar kuma an jibge yashi da tsakuwa da injinan gyara a daidai wurin. Farantan suka lanƙwashe don kaya ya fi ƙarfinsu. Wannan ciwo daban ne. Madogarar ciki maganin tsagar da ke gudu ce, ba ta gyara ƙarfen da tun farko bai isa ba.

Maganar kuɗi kuma ba zan ɓoye maka ba, tana ciki. Amma ƙa'idar ba ta ce a daina dubawa ba. Ta ce injiniya ya ɗauka faranti ɗaya ya riga ya karye, ya lissafa ko sauran za su ɗauki cikakken kaya, ya lissafa shekarun da za su yi kafin gajiya ta kama su, sannan a tsara dubawa ta musamman da tazarar da za a kama karyayyen farantin tun da sauran lokaci mai yawa. Azarar da ta kasa cin wannan jarrabawa tana nan a tsohuwar doka. Abin da ya canza shi ne abin da ake nema: maimakon neman tsaga kamar silin gashi a cikin dubban kawunan ribit, wadda sau da yawa tana ɓoye ƙarƙashin kan ribit ɗin ma, ana neman faranti da ya rabu, wanda ido ke iya gani.

Abban Yara:
Na ji. Amma ka ce ido ke iya gani. Na karanta cewa tsagar Memfis ta fito a hoton da jirgi marar matuƙi ya ɗauka tun 2019, ba wanda ya kula. In ana iya tsallake tsaga irin wannan, me zai hana a tsallake farantinka?

Injiniyan Gada a Ohayo:
Babu. Gaskiya ne ta fito a hoton 2019, kuma abin yana damuna har yau, domin aikina ke nan. Ba ni da amsar da ta wuce cewa a Memfis sa'a ce ta riƙe gadar tsawon lokacin, a azarar ribit kuwa lissafi ne ke riƙe ta. Amma in aka tsallake sau ɗaya, aka tsallake sau biyu, lissafin ma yana ƙarewa.

Malamin Ƙarafa:
Bari in sa lamba a kan wannan, don 'yata ta samu abin rubutawa. Rayuwar ƙarfe a gaban gajiya tana raguwa ne da ninki uku na ƙaruwar ja, wato a ninka adadin da kansa sau uku. A ce leɓen ƙasa ƙarfe huɗu ne masu girma ɗaya, ɗaya ya tafi. Ukun da suka rage jansu ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, 4 bisa 3. Ninka shi sau uku, 64 bisa 27, kusan 2.4. Ke nan saurin gajiyarsu ya ninka kusan sau biyu da rabi, tun ma ba a ƙara kason maƙwabci da na ambata ba. To a ce farantin da ya karye shi kaɗai ne rabin leɓen. Ja ya ninka biyu, gajiya ta ninka takwas. Shi ya sa ba kowace azarar ribit ce ke da madogara ba. In ƙarfe ɗaya ya rinjayi sauran da girma, sunan tarayya kawai ake yi.

Haka lissafin yake ga lodi. Tirelar da ta ɗauki ninki ɗaya da rabi na abin da aka tsara, ɓarnar da take yi wa ƙarfe ta fi ninki uku. Duk wanda ya san yadda ake loda siminti da hatsi a hanyoyinmu ya san wannan lamba ba wasa ba ce.

Wani abu kuma, yadda aka yi hudar yana da tasiri. Wadda aka yi da diril bakinta sumul ne. Wadda aka fasa da injin bugu, kamar yadda aka yi wa tsofaffin gadoji da yawa, bakinta na ɗauke da ƙananan raunuka, kuma bayan faranti ɗaya ya karye daga nan sabuwar tsaga ke saurin tashi.

Oga Mai Walda:
Malam, duk labaran nan na ƙasashen ƙanƙara ne. Mu da rana ke gasa ƙarfe har ba ya taɓuwa, ina ruwanmu da gautsin sanyi?

Malamin Ƙarafa:
Zafi yana taimakonmu, ban musa ba. Amma gautsi ba sai da ƙanƙara ba. Akwai gwajin Charpy: a yanko ɗan ƙarfe milimita 10 da 10, tsawo 55, a yi masa tsaga mai zurfin milimita 2, a sake masa guduma mai lilo, a auna ƙarfin da ya sha kafin ya karye. A ma'aunin Turai, ƙarfe mai alamar J2 ya sha jul 27 (jul ma'aunin ƙarfin bugun ne) a digiri 20 ƙasa da sifili, mai J0 a sifili, mai JR kuwa a digiri 20 sama da sifili aka gwada shi. Daren hunturu a Jos ko Kano yana sauka ƙasa da 20 nesa ba kusa ba. Ka ga mai JR ba wanda ya yi maka alkawarin halinsa a wannan dare. Balle ƙarfen da aka sayo a kasuwa ba takarda, ko tsohon ƙarfen da aka narka tun ba a fara neman wannan gwaji ba. Kuma kauri yana ƙara gautsi, haka bugun kaya farat ɗaya. Gajiya kuwa ba ruwanta da yanayi, a Sakkwato ma tana aiki.

Baba Tsohon Reluwe:
Ɗana mai walda, kada ka ji haushi, ga inda nake son ka saurare ni, don hannunka ne ke iya gyarawa kuma ke iya ɓatawa. Wani ɗan kwangila ya taɓa zuwa zai ratsa da bututun ruwa ta jikin wata gadarmu. Maimakon ya yi maƙalai da noti, sai yaransa suka ɗiga walda a gefen leɓen ƙasa, ɗigon ya haɗa farantin rufi da angul. A ganinsu ƙaramin abu ne. Na hana su barci sai da aka goge shi da garanda aka duba wurin. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ƙarfe biyu da aka raba da gangan, ka zo ka gina wa tsaga kadarko a tsakaninsu.

Injiniyan Gada a Ohayo:
Baba ya faɗi abin da muke fama da shi a nan ma. Masu ƙira na da sukan ɗiga walda don riƙe farantai kafin a buga ribit, su bar ta a wurin. Tana cikin abubuwan farko da muke nema in za mu yi wa gada wannan lissafi. A Janairun 2017 an rufe gadar da ta haɗa manyan hanyoyin Fensilbeniya da Niyu Jazi kan kogin Delawa, saboda wani babban ƙarfe na sama ya rabu biyu. Da aka bincika, hudoji ne da aka yi bisa kuskure tun lokacin gini a shekarun 1950, aka cike su da walda aka shafe da fenti. Shekara sittin suna jira. Ƙarfen kuma guda ɗaya ne ba harhaɗaɗɗe ba, saboda haka tsagar ta cinye shi duka.

Oga Mai Walda:
Wannan kam na karɓa, Baba. Mu a wurinmu cike huda da walda abu ne na kullum, ba ma ɗaukarsa komai. A ƙofa da taga ba matsala. Zan ja kunnen yarana kan abin da ke ɗaukar kaya. Amma ina nan kan bakana cewa sabon aiki da ribit ba zai yiwu ba, ina za ka samu masu bugunsa?

Maman Biyu:
Oga, ba sai ribit ba. Ni zane nake yi a kamfanin gine-gine, kuma noti mai ƙarfi da aka ɗaure shi da ma'auni ya fi ribit matsi da tabbas. A teburin gajiya na Amurka, iyakar jan da mahaɗin ribit zai jure ba gajiya kusan megafaskal 48 ce (megafaskal ma'aunin ja ne), na noti mai cikakken matsi 110, ƙarshen farantin rufi mai kauri da aka yi wa walda kuwa 18 kacal. Ana iya yin azara da walda a inda ba haɗari, a ɗaure ƙarfen da ke ɗaukar ja da noti daga farantai daban-daban. Abin da ke hana mu a nan shi ne ɓarayin noti, dole a yi tunanin irin wanda ba ya kwancewa.

Ina so in ƙara wa ƙanwata gargaɗi ɗaya, kada ta rubuta cewa harhaɗaɗɗen ƙarfe ya fi a ko'ina. Duk maganar da ake yi a nan ta ƙarfen da ake ja ce. Wanda ake dannawa ciwonsa lanƙwashewa ne, kuma a nan rabuwar farantai rauni ce in ba a ɗaure su sosai ba. Gadar Kebek a Kanada ta rufta ana cikin gininta ranar 29 ga Agusta 1907, ma'aikata 75 suka mutu, 33 daga cikinsu 'yan ƙabilar Mohok ne na ƙauyen Kahnawake. Manyan ƙarafan ƙasa masu ɗaukar danniya harhaɗaɗɗu ne, amma 'yan sandunan da aka saƙa don riƙe su tare sun yi ƙanƙanta, sai kowane faranti ya lanƙwashe shi kaɗai. An ga sun fara karkacewa kwanaki kafin ranar.

Sai tsatsa. Ruwa yana shiga tsakanin faranti da faranti, tsatsa ta kumbura ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta buɗe su, har ta fizge kan ribit. Iyakar nan da ke tare tsaga, ita ce kuma maɓoyar ruwa.

Ɗalibar Gine-gine:
Na gode Anti, na rubuta. Yanzu na ga inda zan dosa: zan ɗauki azara ɗaya ta tsohuwar gadar jirgi, in auna farantanta, in cire ɗaya a lissafi, in ga abin da ya rage. Amma Baba, lissafin duka ya dogara ne kan cewa ribit ɗin suna riƙe. In na je wurin, yaya zan gane wanda ya saki?

Baba Tsohon Reluwe:
Da farko ki nemi izini a rubuce, kuma kada ki hau gada ba tare da ma'aikacin da ya san lokacin jirgi ba. Ki tafi da ƙaramar guduma da alli. Ki ɗora yatsanki a gefen kan ribit, rabi a kan ribit rabi a kan faranti, ki buga ɗaya gefen a hankali. Mai lafiya zai yi ƙara siririya, yatsanki ba zai ji komai ba. Wanda ya saki ƙararsa a dakushe take, kuma za ki ji ɗan motsi ƙarƙashin yatsa. Ki duba kuma ko akwai jan ruwan tsatsa da ya zubo daga ƙarƙashin kan kamar hawaye, wannan yana nuna yana gogayya a cikin hudarsa. Duk wanda kika samu ki zagaye shi da alli ki ƙirga. Ki fara daga tsakiyar azara ta ƙasa, da kuma inda farantin rufi ya ƙare. Ki je da safe kafin ƙarfen ya yi zafi, kuma ki ɗauki tsumma, don sai kin share kashin tsuntsu da ƙura kafin ki ga bakin farantin.